Hajiya Gambo Sawaba da Siyasar Sabon Garin Zariya

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar tarihin siyasar Nijeriya ta Arewa, abin da aka saba yi shi ne a jero sunayen waɗanda suka riƙe muƙamai, watau Firimiya da ministocinsa, da wakilan majalisun Kaduna da Ikko, sa'an nan gwamnoni da shugabannin ƙasa. Wannan hanya tana da amfaninta, domin ayyukan irin waɗannan mutane a rubuce suke, ba su da wuyar samu ga mai bincike. Amma kuma tana barin wani rukuni a baya, watau 'yan siyasar gari, waɗanda fagensu bai wuce kasuwa da tasha da zaure da ƙofar kotun alƙali ba, alhali kuwa da ƙafafunsu ne jam'iyyu suka yi tafiya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi rayuwar ɗaya daga cikin mutanen wannan rukuni, watau Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Garin Zariya, wadda ta rayu daga 1933 zuwa 2001. Abin da ya bambanta ta da sauran 'yan siyasar zamaninta shi ne, ta yi kimanin shekara 26 tana siyasa kafin doka ta ba ta ikon jefa ƙuri'a, balle a zaɓe ta. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wannan hani, tare da irin unguwar da ta tashi a ciki, su ne suka tsara irin siyasar da ta yi, kuma da su ya kamata a auna ta.

2.0 Zariya a zamanin Turawa

Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902, kuma kafin shekara goma ta cika hanyar jirgin ƙasa ta iso garin a kan hanyarta ta zuwa Kano, inda ta isa a 1911. Daga baya aka ja wani reshe daga Zariya zuwa ƙasar kuza ta Jos, aka kuma ja wani zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Da haka Zariya ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, ta kuma zama matattarar auduga da gyaɗa da taba. Aikin reluwe da na kamfanonin ciniki yana bukatar akawuna da makanikai da masu awo da leburori, waɗanda akasarinsu daga kudancin Nijeriya da sauran ƙasashen bakin teku suka zo.

Siyasar Turawa ita ce kada waɗannan baƙi su cuɗanya da mutanen cikin ganuwa, don gudun kada su kawo wa mulkin sarakuna cikas. Saboda haka sai gari ya kasu uku. Akwai Birni, inda Sarki da fadawansa da malamai da talakawan asali suke. Akwai Tudun Wada, wanda aka yi domin baƙi 'yan Arewa. Akwai kuma Sabon Gari, kusa da tashar jirgi, inda aka zaunar da Yarbawa da Ibo da mutanen bakin teku, daga baya kuma Hausawa da Nufawa da yawa suka shige shi saboda sana'a. Da farko hukumar Turawa ce ke riƙe da Sabon Gari kai tsaye, daga bisani aka mayar da shi ƙarƙashin En'e.

Wajibi ne mai karatu ya san ƙarfin En'e a wancan zamani, domin ita ce hukumar da talaka ya sani. Ita ke karɓar haraji da jangali, ita ke da 'yan doka, ita ke da kotunan alƙalai, ita ke da gidan yari, kuma ita ke ba da izinin yin taro ko ta hana. Sarki ne shugabanta, Razdan kuma yana bayansa. A Zazzau, Sarki Ja'afaru ɗan Isiyaku ne ya riƙe ta daga 1937 zuwa 1959, sa'an nan Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975.

Har ila yau Zariya gari ne na boko da jarida. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, kuma a nan Malam Sa'adu Zungur ya koyar a makarantar haɗa magunguna, ya kuma tara 'yan boko suna muhawara a kan halin da ƙasa ke ciki. Watau tun kafin a kafa jam'iyyu, akwai mutane a garin da suka saba da jin ana tambayar dalilin abin da hukuma ta yi.

3.0 Asalinta da tasowarta

An haifi Gambo ranar 15 ga Fabrairu, 1933. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar da yanzu ake kira Gana ne, ya zo Nijeriya ya kama aikin reluwe, ya kuma musulunta. Mahaifiyarta, Fatima, Banufiya ce. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da yake ta biyo tagwaye sai aka riƙa kiranta Gambo, kamar yadda al'adar Hausawa take ga duk ɗan da aka haifa bayan tagwaye, namiji ko mace. Ga yarinya ke nan uba baƙo, uwa Banufiya, laƙabi na Hausa. Irin wannan gida ba abin mamaki ba ne a Sabon Gari, amma a tsarin Birni ba shi da wani gurbi, domin can ana tambayar mutum gidansu da sarautar da suka gada ko sana'ar da suka gada.

An sa ta makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wada, amma karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943, tana da shekara 10, mahaifiyarta kuma ta bi shi bayan 'yan shekaru. Tana da shekara 13 aka yi mata aure da wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, auren kuma bai daɗe ba. Kafin ta cika shekara 17 ta riga ta san maraici, ta san barin makaranta ba da son rai ba, ta san auren wuri, ta kuma san abin da ake nufi da mace ta nemi abin kai wa bakin salati da kanta.

Idan muka dubi abubuwan da ta riƙa magana a kansu daga baya, watau aurar da yara ƙanana, da auren dole, da hana 'ya'ya mata ilmi, da aikin tilas, da harajin da ya fi ƙarfin mai biya, za mu ga yawancinsu abubuwa ne da ta ɗanɗana ko ta gani a ƙofar gida. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yan boko na jam'iyya sun iya kawo hujja daga littattafai, ita kuwa hujjarta rayuwarta ce, kuma wannan ya sa matan kasuwa suka fi saurin gane maganarta.

4.0 NEPU da sunan Sawaba

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule. Malam Aminu Kano ya bar aikin koyarwa a Maru a wannan shekara ya rungumi jam'iyyar, ya kuma zama shugabanta a 1953. Sanarwar manufofinta ta fito fili ta ce akwai rikici tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa, kuma talakawa ba za su sami sauƙi ba sai sun karɓi ragamar mulki da kansu. A ɗaya gefen, Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta faro a matsayin ƙungiyar al'adu, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, sarakuna da ma'aikatan En'e suka zama ginshiƙanta.

Sunan NEPU na Hausa shi ne Jam'iyyar Neman Sawaba. Kalmar sawaba daga Larabci ta shigo, inda asalinta ke nufin abin da yake daidai, amma a bakin Bahaushe ta ɗauki ma'anar sauƙi da hutawa daga wata wahala. Zaɓen wannan kalma hikima ce, domin talaka bai bukatar a fassara masa ita. Kalmar 'yanci tana iya nufin tafiyar Turawa kurum, amma sawaba tana tambayar abin da zai sauka daga wuyan mai biyan haraji bayan Turawan sun tafi. Kalmar ta ƙetare iyaka ma, domin a Nijar jam'iyyar Djibo Bakary, wanda aka zaɓa magajin garin Yamai a 1956, da sunan Sawaba aka san ta.

Gambo ta shiga reshen NEPU na Zariya tana da kimanin shekara 17, a lokacin da shiga jam'iyyar ke iya jawo wa mutum kora daga aiki ko rasa rumfar kasuwa. Ta yi suna ne tun ranar da ta miƙe ta yi magana a wata lacca cikin taron maza, abin da ba a saba gani ba. Game da laƙabinta akwai riwaya biyu. Wasu sun ce Malam Aminu Kano ne ya kira ta Sawabiya, wasu kuma sun ce wani jigon jam'iyyar a Zariya, wanda shi ma Gambo Sawaba ake ce masa, shi ya sa mata sunan. Ko wacce aka ɗauka, sakamakon ɗaya ne: an bar kiranta da sunan uba ko na miji, aka koma kiranta da taken jam'iyya, har sunan ya bi ta kabari.

5.0 Reshen mata

Ba da daɗewa ba aka zaɓe ta shugabar mata ta jam'iyyar a Sabon Gari, daga baya kuma ta zama shugabar reshen mata na NEPU baki ɗaya. Ta yi tattaki har Abeokuta don ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ƙungiyarta ta matan Abeokuta ta yi zanga-zangar ƙin harajin mata har Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949. Abin da Gambo ta gani a can shi ne, matan kasuwa marasa boko suna iya girgiza hukumar gargajiya idan sun haɗa kai. Amma halin Arewa dabam yake, domin a manyan birane matan aure na gidajen masu hali a kulle suke, ba sa fita kasuwa, balle lacca.

Saboda haka matan da suka fara cika rassan jam'iyyu a Arewa, na NEPU da na NPC duka, akasarinsu zawarawa ne da masu sayar da abinci da mata masu zaman kansu, waɗanda ba su da mai hana su fita. Su ke dafa abincin taro, su ke yin anko, su ke rera waƙoƙin jam'iyya, su ke cika fili da guɗa. Wannan ya ba abokan hamayya wani makami na harshe mai kaifi. Duk macen da ta hau mumbarin siyasa sai a kira ta karuwa, kuma da kalmar nan guda ake rufe bakin mata dubu, domin babu mai son a kira 'yarsa ko matarsa da ita.

Gambo ta tunkari wannan matsala ta hanyar da namiji ba zai iya ba. Abin da aka rubuta a ƙofar zaure shi ne ba a shiga, amma wannan hani maza ya shafa. Ita tana iya shiga har tsakar gida a wurin biki ko suna ko ta'aziyya, ta zauna da matan kulle, ta yi musu bayanin haraji da makaranta da asibiti da ƙuri'a da harshen da suka sani. Ga namijin NEPU, gida katanga ce. Ga Gambo kuwa, gida shi ne filin lacca. Masu mulki sun gane haɗarin wannan da wuri, domin sun san maganar da ta shiga ɗakin uwargida ta shiga kunnen 'ya'yanta.

6.0 Kotu da kurkuku

Kamunta na farko a Kano aka yi shi, wajen 1952, sa'ad da jam'iyya ta tura ta don ta tara mata. An gurfanar da ita gaban alƙali bisa zargin fitar da matan kulle, aka ɗaure ta wata uku, daga baya kuma hukumar En'e ta kore ta daga garin. Daga nan kamu da ɗauri suka zama abokan tafiyarta a garuruwa dabam-dabam. Abin da masu tarihin rayuwarta suka kawo shi ne an ɗaure ta sau 16. Ta sha duka a hannun 'yan doka da 'yan bangar siyasa, an aske mata kai don a wulaƙanta ta, kuma ta rayu da tabon wannan azaba har ƙarshen ranta. Rima Shawulu ya tattara labarin rayuwarta a wani littafi da aka buga a 1990, tun tana da rai.

Domin a fahimci yadda mace ɗaya za ta shiga kurkuku sau da yawa haka ba tare da ta yi sata ko kisa ba, sai a koma ga tsarin En'e da muka bayyana a baya. Wanda zai ba da izinin lacca ma'aikacin En'e ne. Wanda zai kama mai laccar da ba izini ɗan dokan En'e ne. Wanda zai yi shari'a alƙalin En'e ne, kuma lauya ba ya tsayawa a kotunsa. Wanda zai tsare ɗaurarre yarin En'e ne. Dukkansu kuwa a ƙarƙashin Sarki suke, yawancinsu kuma magoya bayan NPC ne. Laifuffukan da aka fi kama 'yan NEPU da su su ne taro ba izini, da zagin sarakuna, da tayar da hankalin jama'a, waɗanda fassararsu tana hannun mai shari'a. Bugu da ƙari, akwai ƙungiyoyin 'yan banga, irin 'Yan Mahaukata da suka ɓulla a Kano a 1953, waɗanda aikinsu shi ne tarwatsa tarukan 'yan hamayya. NEPU ma ta kafa Rundunar Samarin Sawaba, kuma ba a rasa jifa da sanda daga ɓangarorin biyu ba.

Ya kamata a faɗi cewa su ma masu mulkin suna da tasu hujja. A ganinsu, NEPU tana koya wa yara raina manya, tana kuma raba kan Arewa a daidai lokacin da ake kokawar rabon iko da jam'iyyun Kudu, musamman da yake ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe. Wannan tsoro ba na ƙarya ba ne a wurin masu shi. Sai dai kuma hanyar da aka bi wajen maganinsa ta zubar da mutuncin kotunan alƙalai a idon mutane da yawa, kuma tana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja, bayan juyin mulkin 1966, ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e.

7.0 Batun ƙuri'a

Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a hawan ƙarshe En'e tana da ikon ƙara nata mutane. NEPU ta yi rawar gani a hawan farko a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ba ta sami kujera ko ɗaya ba. A zaɓen tarayya na 1959 aka ba kowane baligi namiji na Arewa ƙuri'arsa kai tsaye. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a wannan zaɓe, matan Arewa kuwa ba su jefa ba. Matsayin NPC shi ne lokaci bai yi ba, kuma abin ya saɓa wa al'adar jama'a. Matsayin NEPU shi ne a ba mata ƙuri'a, kuma Gambo ce muryar da ta fi kowace ƙarfi wajen neman haka.

Akwai wani lissafi a nan da ya kamata a lura da shi. Kujerun majalisar tarayya 312 ne a 1959, kuma Arewa ta sami 174 daga ciki saboda yawan jama'arta. Cikin wannan jama'a da aka ƙirga har da mata. Watau an ƙirga kawunansu wajen rabon kujeru, amma ba a nemi ra'ayinsu wajen zaɓen masu zama a kan kujerun ba. A zaɓen, NPC ta ci kujera 134, NEPU ta ci 8, cikinsu har da ta Malam Aminu Kano. Gambo ta yi yawon neman ƙuri'a a wannan zaɓe da waɗanda suka biyo bayansa, ta tara mutane, ta sha duka, amma ranar zaɓe ba ta da sunan da za a duba a rajista.

Wannan shi ya sa siyasarta ta zama ta unguwa tsantsa. Namijin da ya yi fice a jam'iyya yana sa ran wata rana a tsayar da shi takara, ya tafi Kaduna ko Ikko, ya sami albashi da mota. Ita wannan hanya a rufe take gare ta, saboda haka abin da take da shi shi ne mutanen da ke ƙofarta. An san gidanta na Sabon Gari da tara marayu da marasa galihu da baƙin da dare ya yi musu, kuma ta riƙe 'ya'yan mutane da yawa ba tare da duban ƙabila ko addini ba. Ayyukan da wakilin unguwa ya kamata ya yi, na raka mai ƙara kotu, da kai mara lafiya asibiti, da sasanta ma'aurata, ta yi su shekara da shekaru ba da naɗin kowa ba.

Jamhuriya ta farko ta faɗi a watan Janairu na 1966 matan Arewa ba su taɓa zaɓe ba, kuma a wannan shekara aka soke jam'iyyu duka, har da NEPU. Sai a 1976, sa'ad da gwamnatin soja ta yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e, aka ba su ikon jefa ƙuri'a, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da shi. Abin lura ne cewa hukumar da ta ɗaure Gambo da dokar da ta hana ta ƙuri'a a shekara guda suka kau. Lokacin tana da shekara 43.

8.0 Jamhuriya ta biyu da bayanta

Da aka ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba na 1978, aka yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN da UPN da NPP da GNPP da PRP. Yawancin tsofaffin 'yan NEPU sun bi Malam Aminu Kano zuwa PRP, amma Gambo ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar ta ƙasa. Wannan babban muƙami ne ga mace a wancan lokaci, sai dai ƙarfin GNPP a Barno da Gongola yake, inda ta ci gwamnoni a 1979. A jiharta ta Kaduna, PRP ce ta ci gwamna.

A zaɓen 1979 matan Arewa sun fito da yawa, cikinsu har da matan kulle, kuma jam'iyyun da suka gaji waɗanda a da suka ce lokaci bai yi ba su ne suka fi kowa ƙoƙarin kwaso su zuwa rumfunan zaɓe. Haka kuma gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, sun soke haraji da jangali da hawansu mulki. Malam Aminu Kano ya zaɓi mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa ta 1983, amma ya rasu ranar 17 ga Afrilu na shekarar, kafin a yi zaɓen. Ashe ke nan manyan bukatu biyu da Gambo ta sha ɗauri dominsu, watau ƙuri'ar mata da sauke haraji, sun tabbata tana raye, ko da yake ta hannun wasu suka tabbata.

Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, siyasar jam'iyyu ta sake tsayawa, kuma da ta dawo ta dawo da wata kama, inda kuɗi suka fi lacca magana. Gambo ta ja jiki a hankali, ta ci gaba da zama a Sabon Gari tana hidimar mutanenta, har Allah ya yi mata rasuwa a watan Oktoba na 2001, tana da shekara 68.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda hanyar jirgin ƙasa ta haifar da Sabon Gari, da yadda Sabon Gari ya haifar da yarinyar da ba ta da gurbi a tsarin Birni, saboda haka ba ta da abin da za ta rasa idan ta ja da shi. Mun ga kuma yadda kulle ya buɗe mata ƙofar da ya rufe wa maza, da yadda rashin ƙuri'a ya tsare ta a cikin unguwa har ta zama wakiliyar da ba a zaɓa ba. Idan aka auna ta da kujerun majalisa ba za a sami abin rubutawa ba, amma idan aka auna ta da yawan matan da suka fara jin kalmar ƙuri'a daga bakinta, to, tana sahun gaba cikin 'yan siyasar Arewa.

An sa wa babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta, haka kuma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano. Wannan karramawa ce da ta dace. Amma aikin da ta faro bai kai ƙarshe ba. Sai a 2019 Jihar Kaduna ta zaɓi mace, Hadiza Balarabe, a matsayin mataimakiyar gwamna, kuma a zaɓen 2023 matan da suka shiga Majalisar Dattawa ba su kai biyar ba cikin kujeru 109. Kalmar da aka yi amfani da ita don a rufe bakin Gambo a shekarun 1950 ba ta ɓace daga bakin 'yan siyasa ba tukuna.

Daga ƙarshe, akwai kira ga manazarta harshe da al'adu. Kowane gari na Arewa ya yi irin nasa 'yan siyasar unguwa, maza da mata, waɗanda tarihinsu yana cikin waƙoƙin jam'iyya da laƙabobi da kirari da labaran tsofaffi. Waɗanda suka ga zamanin NEPU da NPC da idonsu sun kusa ƙarewa. Ya kamata sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai su ɗauko abin da ya rage a bakinsu, tun kafin a neme su a rasa.